Zazzaɓin denge a jikin yara: Alamominsa da abin da gwajin jini ke nunawa

Zazzaɓin denge ciwo ne da ƙwayar cutar bairos ke haddasawa, kuma wani sauro mai suna Aedes ne ke ɗaukar ta daga jikin maras lafiya zuwa jikin mai lafiya. Akasarin yaran da suka kamu suna warkewa cikin mako 1 zuwa 2. Kaɗan ne ciwon ke tsananta a kansu, sai dai tsananin yakan zo a lokacin da iyaye ba su zata ba, wato a daidai ranakun da zafin jiki ya fara sauka. Idan an kai yaro asibiti da wuri kuma aka kula da shi yadda ya kamata, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Idan kuwa ciwon ya tsananta aka bar shi babu magani, adadin yana iya kai wa 20 cikin 100.

A Ƙaramar Hukumar Mashi da sauran garuruwan shiyyar Daura, kamar yadda yake a ko'ina a Jihar Katsina, duk zazzaɓin da ya kama yaro da damina ana fara ɗora shi ne a kan maleriya. Sau da yawa zaton yana zama daidai. Matsalar tana tasowa ne idan gwaji ya nuna babu maleriya, ko aka sha maganinta zazzaɓi ya ƙi tafiya. A nan ne ya kamata iyaye da ma'aikatan lafiya su tuna da denge.

Yadda cutar ta matso kusa

Denge ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Tun a shekarun 1960 masu bincike a Jami'ar Ibadan suka gano ƙwayar cutar a jinin masu zazzaɓi. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yawanta a duniya da kuma yadda ta bayyana a ƙasashen Sahel. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2000 an kai rahoton kamuwar mutum kimanin 505,000, a 2019 adadin ya kai miliyan 5.2, a 2023 ya haura miliyan 6.5, a 2024 kuwa ya zarce miliyan 14. Hukumar ta kiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya suna zaune a wuraren da za su iya kamuwa.

A 2023 Burkina Faso ta yi fama da annobar denge mafi muni a tarihinta, inda aka yi zargin kamuwar sama da mutum 150,000, kuma kimanin 700 suka rasu, galibi a biranen Wagadugu da Bobo Julaso. A watan Agustan wannan shekara Chadi ta sanar da ɓarkewar cutar a Abeche. Shekara guda kafin haka, a Agustan 2022, Jamhuriyar Nijar ta tabbatar da cutar a jikin wani matafiyi da ya iso Yamai daga Kuba. A cikin gida kuma, a Disamban 2023 Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓarkewar da aka gano tun a watan Nuwamba a Jihar Sakkwato: an yi zargin mutum 71, gwaji ya tabbatar da 13, ba a rasa rai ba. Ƙananan hukumomin da abin ya shafa su ne Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni.

Mashi tana kan hanyar Katsina zuwa Daura, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Fatake da 'yan cirani da masu ziyarar dangi suna kai da kawo ba dare ba rana. Haka nan alhazai da masu Umara suna bi ta Jidda, birnin da ake samun denge tun daga 1994. Mutumin da ya kamu a wani gari yana iya isowa gida da ƙwayar cutar a jininsa ba tare da ya ji wani ciwo na a zo a gani ba, domin mafi yawan masu kamuwa ba sa nuna alama. Sauron unguwa ya cije shi, bayan kwana 8 zuwa 12 sauron ya zama mai yaɗa cutar har ƙarshen rayuwarsa.

Sauron da ke yaɗa ta

Sauron Aedes ƙarami ne, baƙi, mai ratsin fari a ƙafafu da baya. Ya sha bamban da sauron maleriya ta fuska biyu. Na farko, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar zuwa faɗuwar rana, lokacin da yara ke makarantar boko ko Islamiyya ko wasa a tsakar gida. Saboda haka gidan sauron da ake shiga da dare ba ya wadatarwa. Na biyu, yana yin ƙwai ne a ruwan da mutane suka tara a cikin mazubi: randa, tulu, duro, tankin ruwa, jarkar da ba a rufe ba, kaskon ruwan kaji, tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da robobin da ruwan sama ya kwanta a ciki. Ƙwan yana maƙalewa a jikin bangon mazubin, yana iya jure bushewa na watanni, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa cikakken sauro kwana 7 zuwa 10 ne.

Wannan ne ya sa garin da ke fama da ƙarancin ruwa bai tsira ba. Gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya adana shi na kwanaki yana iya kiwon sauron ko da rani.

Dalilin da ya sa yara suka fi shiga haɗari

Ƙwayar cutar denge iri 4 ce. Wanda ya kamu da iri ɗaya yana samun kariya mai ɗorewa daga wannan irin, amma kariyarsa daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce. Kamuwa ta biyu da wani iri daban ita ce ta fi jawo ciwo mai tsanani, domin garkuwar da jiki ya gina a karon farko tana kama sabuwar ƙwayar ba tare da ta iya kashe ta ba, sai ma ta sauƙaƙa mata shiga ƙwayoyin jiki. Jariri yana iya faɗawa wannan hali tun a kamuwarsa ta farko, idan mahaifiyarsa ta taɓa yin denge kuma garkuwar da ya gada daga gare ta ta fara raguwa, abin da ya fi faruwa tsakanin wata 6 zuwa shekara 1.

Bayan haka, ƙananan jijiyoyin jinin yara sun fi na manya saurin yoyo, jikinsu kuma ba ya jure asarar ruwa. Annobar da aka fara gane denge mai tsanani a cikinta, a Manila ta ƙasar Filifin a 1953 zuwa 1954 da Bankok ta ƙasar Tailan a 1958, yara ta fi kashewa. A annobar Kuba ta 1981 mutum 158 suka rasu, 101 daga cikinsu yara ne. Yaran da suka fi buƙatar sa ido su ne jarirai, masu sikila, masu ƙiba fiye da kima, da masu ciwon zuciya ko ƙoda ko asma.

Mataki na farko: kwanakin zafin jiki

Alamomi suna bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizon sauro. Zazzaɓin yana farawa farat ɗaya, yana iya kai wa digiri 39 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7. Yaron da ya iya magana zai koka da ciwon kai, ciwo a bayan idanu musamman idan ya juya su, da ciwon tsoka da gaɓoɓi. Tsananin wannan ciwon ne ya sa a wasu ƙasashe ake kiran cutar zazzaɓi mai karya ƙashi. Akan samu tashin zuciya, amai, rashin cin abinci, jan ido da jan maƙogwaro.

A jikin jarirai da 'yan ƙasa da shekara 5 alamomin ba su fito sarai haka ba. Sau da yawa abin da ake gani shi ne zafin jiki, yawan kuka, ƙin nono, mura ko tari, wani lokaci da gudawa. Zafin yana iya jawo jijjiga. Shi ya sa ake saurin ɗaukar ciwon a matsayin maleriya ko mura ko zazzaɓin haƙori.

Ƙuraje sukan fito, amma a baƙar fata ganinsu yana da wuya. Wuraren da ya kamata a duba da haske mai kyau su ne cikin fatar ido, ganɗa, dasashi, cikin hannu da tafin hannu. Ɗigo-ɗigon jini ƙanana kamar kan allura, waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna su da yatsa, alama ce ta cewa jini yana fita daga ƙananan jijiyoyi. Ma'aikacin lafiya yana iya fito da su ta hanyar ɗaura abin awon hawan jini a damtsen yaro, ya hura shi zuwa tsakiyar awon sama da na ƙasa, ya bari na minti 5. Idan ɗigo 10 ko fiye suka bayyana a fili mai faɗin inci 1 da tsawon inci 1, zargin denge ya ƙaru. Rashin fitowarsu ba ya kore cutar.

Abu mafi amfani da iyaye za su yi a wannan mataki shi ne ƙidayar kwanaki. Ranar da zafin ya fara ita ce rana ta 1. Idan yaro ya fara zazzaɓi ranar Litinin, lokacin sa ido sosai shi ne daga Laraba zuwa Lahadi.

Mataki na biyu: lokacin haɗari

Tsakanin rana ta 3 da ta 7 zafin jiki yana sauka zuwa digiri 38 ko ƙasa da haka. A jikin yawancin yara wannan mafarin samun sauƙi ne: yaro ya nemi abinci, ya fara wasa, fitsarinsa ya dawo daidai. A jikin wasu kuwa, a daidai wannan lokaci ne bangon ƙananan jijiyoyi ke buɗewa, ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin ciki da kewayen huhu. Jinin da ya rage a jijiya sai ya yi kauri kuma ya ragu, zuciya ta rasa isasshen abin da za ta tura wa sassan jiki. Wannan yoyo yana ɗaukar awa 24 zuwa 48 kacal, amma a cikin waɗannan awanni ne ake rasa yawancin yaran da denge ke kashewa.

A jagorar da ta fitar a 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cutar gida uku: denge marar alamun gargaɗi, denge mai alamun gargaɗi, da denge mai tsanani. Alamun gargaɗin su ne:

1. Ciwon ciki mai tsanani ko wanda ba ya lafawa, ko yaro ya yi ihu idan an taɓa cikin.
2. Amai babu ƙaƙƙautawa, har ya kasa riƙe ruwa.
3. Taruwar ruwa a ciki ko ƙirji, wanda ke bayyana da kumburin ciki ko saurin numfashi.
4. Zubar jini ta dasashi, haɓo, jini a amai, ko baƙin bayan gida.
5. Kasala mai yawa da yawan barci, ko kuma rashin natsuwa da birgima.
6. Kumburin hanta da ya wuce santimita 2 a ƙasan haƙarƙari, wanda likita ke ganowa.
7. Hauhawar kaurin jini a daidai lokacin da ƙwayoyin daskarar da jini ke faɗuwa da sauri.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kwantar da yaro a asibiti. Kada a jira sai gari ya waye, kuma kada a jira ranar da aka ce a dawo.

Idan yoyon ya ci gaba, zagayawar jini tana durƙushewa. Hannuwa da ƙafafu su yi sanyi da danshi alhali ƙirji da ciki suna da ɗumi. Bugun jijiya ya yi sauri amma da rauni. Idan aka danna farcen yaro ya yi fari, sai ya ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin jini ya dawo. Fitsari ya ragu ko ya ɗauke. A awon hawan jini, tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa tana tsukewa zuwa 20 ko ƙasa da haka, misali 95 bisa 80. Abin da ke ruɗar iyaye, har ma da wasu ma'aikata, shi ne yaron yana iya kasancewa cikin hayyacinsa yana magana, lambar sama ta awon kuma tana daidai, har zuwa gab da faɗuwarsa.

Ana cewa denge ta yi tsanani idan aka samu ɗaya daga cikin abubuwa uku: yoyon ruwan jini da ya kai ga durƙushewa ko wahalar numfashi, zubar jini mai yawa, ko lalacewar wata gaɓa kamar hanta, zuciya ko ƙwaƙwalwa.

Mataki na uku: murmurewa

Yaron da ya tsallake awannin haɗari, jikinsa yana mayar da ruwan da ya tsiyaye cikin jijiyoyi a tsawon awa 48 zuwa 72. Cin abinci ya dawo, fitsari ya yawaita, ciwon ciki ya lafa. Wasu suna fitar da sabbin ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannuwa da ƙafafu, bugun zuciya kuma yana iya raguwa na ɗan lokaci. Haɗarin wannan mataki shi ne yawan ruwa. Idan aka ci gaba da ƙarin ruwa ta jijiya bayan yoyo ya tsaya, ruwa yana iya cika huhu. Kasala takan ɗauki makonni kafin ta gushe gaba ɗaya.

Abin da gwajin jini ke nunawa

Gwajin da ya fi muhimmanci wajen kula da yaro shi ne cikakkiyar ƙidayar ƙwayoyin jini. Abubuwa uku ake dubawa a takardar sakamako.

Fararen ƙwayoyin jini su ne ke fara sauka. A denge sukan koma ƙasa da 5,000 a kowane maikurolita tun a kwanakin zafi. Wannan yana taimakawa wajen rarrabewa, domin cututtukan bakteriya kamar ciwon huhu da sanƙarau galibi ɗaga su suke yi.

Ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet, adadinsu a jikin mai lafiya 150,000 ne zuwa 450,000. A denge suna fara faɗuwa daga wajen rana ta 3, sau da yawa su koma ƙasa da 100,000 gab da lokacin haɗari. Saurin faɗuwar ya fi lambar kanta ba da labari. Yaron da ke da 180,000 jiya, yau ya koma 90,000, ya fi tayar da hankali a kan wanda ya tsaya a 95,000 kwana biyu a jere. Raguwarsu ita kaɗai ba ta tabbatar da denge, domin maleriya ma tana rage su.

Na uku shi ne awon PCV, wanda kusan kowace uwa ta sani da sunan awon jini. Yana nuna kason da jajayen ƙwayoyi suka ɗauka a cikin jini. A maleriya saba ganin saukarsa aka yi, shi ya sa iyaye ke murna idan aka ce ya hau. A denge kuwa hawansa alamar yoyo ce: ruwa ya fita, jajayen ƙwayoyi sun rage a cunkushe. Ƙaruwar kashi 20 cikin 100 a kan awon yaro na asali shaida ce ta yoyo mai yawa.

A nan akwai tarkon da ya shafi yaran wannan yanki kai tsaye. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare saboda maleriya da sikila da tamowa, kuma binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar a 2024 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi ya nuna tamowa ta yi katutu a tsakanin ƙananan yara. Yaron da awonsa na asali 30 ne, idan ya hau zuwa 36 ya riga ya cika ƙaruwar kashi 20 cikin 100, alhali duk wanda ya kalli 36 ita kaɗai zai ce jininsa lafiya lau. Saboda haka ake son a ɗauki awon farko tun a kwana 3 na farkon zazzaɓi, a sake shi kullum daga rana ta 3 har lokacin haɗari ya wuce. Ga wanda aka kwantar, ana maimaitawa sau da dama a yini. Iyaye su adana kowace takardar gwaji, su tafi da ita duk asibitin da aka tura su.

Saukar PCV ma tana da fassara biyu. Idan ya sauka yaro yana samun sauƙi, yana fitsari, ruwa ne ke komawa jijiya. Idan ya sauka alhali yaro yana ƙara galabaita, likita zai yi zargin jini na zuba a ciki, kuma ƙarin jini ake buƙata cikin gaggawa.

Sauran gwaje-gwajen suna nuna halin da gaɓoɓi ke ciki. Sinadaran hanta biyu, AST da ALT, sukan hau, kuma na farkon ya fi hawa. Idan ɗayansu ya kai 1,000, ciwon ya shiga sahun mai tsanani. Furotin ɗin jini mai suna albumin yana raguwa saboda yoyo. Gishirin jini da sukari suna iya sauka, musamman a jikin yaron da ya daɗe bai ci abinci ba. Hoton ciki na sikanin yana nuna ruwa a ciki da kaurin bangon matsarmama, hoton ƙirji kuma yana nuna ruwa a kewayen huhu, galibi ta dama. A lokacin murmurewa fararen ƙwayoyi ne ke fara dawowa, filatilet su biyo baya.

Gwajin tabbatar da cutar

Gwajin da ya dace ya danganta da ranar da ciwo yake. A kwana 5 na farko ƙwayar cutar tana yawo a jini, don haka ana neman ta kai tsaye, ko dai da gwajin PCR mai gano ƙwayar halittarta har ya faɗi irinta, ko da gwajin NS1 mai gano wani furotin da take fitarwa. Akwai NS1 na gaggawa mai kama da na maleriya, wanda ke ba da sakamako cikin mintuna. Daga rana ta 5 zuwa gaba ƙwayar tana ɓacewa, sai a koma neman garkuwar da jiki ya samar. Garkuwar IgM tana bayyana daga rana ta 4 ko ta 5, tana iya zama har wata 3. Garkuwar IgG tana zama shekaru, saboda haka samunta ita kaɗai yana nuna an taɓa kamuwa ne kawai.

Gwajin garkuwa yana da rauni guda: ƙwayar denge 'yar uwar ƙwayar shawara ce da ta Zika, kuma gwajin yana iya rikita su. Tun da yaran Najeriya suna karɓar rigakafin shawara a wata 9, ya kamata a nuna wa likita katin rigakafin yaro. Haka nan sakamakon da ya ce babu cutar a ranar da ba ta dace da gwajin ba, ba ya wanke yaro.

Babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja yana tabbatar da denge. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka wanda ke karɓar rahoto ya aika da samfurin jini, kuma lambar kiran NCDC ta kyauta ita ce 6232. Likita ba ya jiran wannan sakamako kafin ya fara kula da yaro. Alamomi da ƙidayar jini sun ishe shi yanke shawara.

Bambanta ta da sauran zazzaɓi

Duk yaro mai zazzaɓi a fara yi masa gwajin maleriya, domin ita ta fi yawa kuma tana kisa da sauri. Katsina tana cikin jihohin da aka fara raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga maleriya da damina, amma wannan magani ba ya taɓa denge. Ana kuma iya samun cututtukan biyu a jiki ɗaya. Idan gwaji ya nuna maleriya, aka sha magani cikakke, zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana 2 zuwa 3, ko alamun gargaɗi suka bayyana, a koma asibiti. Taifod takan fara a hankali, zafinta yana hawa kwana bayan kwana har ya wuce mako. Ƙyanda tana zuwa da tari da mura da jan ido kafin ƙuraje su fara daga fuska. Sanƙarau yana sandarar da wuya. Shawara tana mayar da ido ruwan ɗorawa. Zazzaɓin Lassa ma yana kawo zubar jini, shi ya sa zazzaɓi mai haɗe da jini ba na jinyar gida ba ne ko kaɗan.

Kulawa a gida da asibiti

Babu maganin da ke kashe ƙwayar denge, kuma maganin bakteriya ba ya yi mata komai. Abin da ke ceton rai shi ne daidaita ruwan jiki. Yaron da ba shi da alamun gargaɗi, yana sha, yana fitsari aƙalla sau ɗaya a kowace awa 6, ana iya jinyarsa a gida tare da kai shi dubawa kullum. A ba shi ruwan gishiri da sukari, kunu, koko, romo da ruwan 'ya'yan itace, mai shan nono kuma a ƙara ba shi. A guji abin sha mai ja ko baƙi kamar zoɓo, domin idan ya yi amai ba za a iya bambanta shi da jini ba.

Maganin zafi ɗaya da aka amince da shi shi ne farasitamol, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo na nauyin yaro, ba fiye da sau 4 a yini ba. Yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 120 zuwa 180 ke nan. Wuce kima yana cutar da hantar da ciwo ya riga ya taɓa. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, kuma yawancin haɗin da ake ƙullawa a kemis yana ɗauke da ɗayansu. A guji allurar ɗuwawu. A ɗage kaciya, tsaga, ƙaho da cire beli, domin jinin yaro ba ya daskarewa yadda ya saba.

A asibiti ana ƙarin ruwa ta jijiya gwargwadon nauyin yaro da awon PCV, ana ragewa a hankali, kuma galibi ba ya wuce awa 24 zuwa 48. Raguwar filatilet ba tare da zubar jini ba ba ta wajabta ƙarinsu. Yaron da ya nuna alamun gargaɗi yana buƙatar asibitin da ke iya maimaita gwajin jini da yin ƙarin jini, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'aduwa. Ana sallama idan yaro ya yi awa 48 babu zazzaɓi, yana ci, filatilet suna hawa, kuma PCV ya tsaya daidai ba tare da ƙarin ruwa ba.

Kariya

Akwai allurar rigakafi mai suna Qdenga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi yawa ƙwarai, amma ba ta cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya. Kariyar da ke hannu ita ce hana sauron haihuwa. A rufe duk mazubin ruwa da murfi mai kamawa. Sau ɗaya a mako a juye randa da duro, a goge cikinsu da soso domin cire ƙwan da ya maƙale. A kifar da gwangwanaye da robobi, a huda tsofaffin tayoyi ko a ajiye su a ƙarƙashin rumfa, musamman a garejin makanikai da wurin masu faci da bayan shaguna. Makarantu su duba tankunansu da butocinsu. Yara su sa tufafi masu rufe hannu da ƙafa, jariri mai barcin rana kuma a sa shi cikin gidan sauro. Yaron da ke jinya ya kwana ya wuni a cikin gidan sauro a makon farko, domin sauron da ya cije shi zai iya kai cutar ga ƙannensa da maƙwabta.